Atiku da Goron Gayyar Dalijan

Atiku na Maruda makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma, kuma in ka ce ya fi ubansa hannu ba ka yi ƙarya ba, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗin haka a gaban tsohon. Ganga ɗaya gare shi da baki ɗaya. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne ɗan amshin kansa, shi ne kuma mai yawon neman inda za a yi kiɗan. A zamanin ubansa, Makaɗa Ɗanjuma, ba haka abin yake ba. In tsohon ya fita sai ka ga zuga a bayansa, masu ganguna da masu amshi har da mai ɗaukar tabarma. Duk sun watse. Wasu kabu-kabu ya ɗauke su, wasu sun tafi cirani kudu sun manta hanyar gida. Gayyar ma kanta ta ja baya tun da maganin feshi ya shigo, don mutum ɗaya da tanki a baya yanzu yana kashe ciyawar da a da sai an tara samarin gari.

Duk da haka akwai sauran masu son a yi musu noma irin na da. Su tara majiya ƙarfi, a dafa tuwo, a dama fura, a shiga gona tun da safe har la'asar, makaɗi yana bin manoma a baya yana kiran sunan kowa da na ubansa, har rago ya ji kunya ya ƙara himma. Babba cikin irin waɗannan shi ne Alhaji Bawa na Dalijan. Gayyarsa ta maimai, wato noma na biyu, ita ce idon sana'ar Atiku. Ba don abin da ake samu ranar kaɗai ba. Duk wanda aka ji gangarsa a gonar Alhaji Bawa, shi za a kira biki da suna da sauran gayyar yankin har damina ta zagayo. Tun kakan Atiku gidansu ke kiɗan wannan gona, kuma ba a taɓa yin shekarar da wata ganga ta shiga ba.

Yadda ake kiran makaɗi kuwa sananne ne. Ba a aike, ba a kuma faɗa a bakin hanya. Mai gayya da kansa yake zuwa kasuwa da goro a ƙunshe cikin ganye, ya sami makaɗi inda yake zaune, ya miƙa masa a gaban mutane. Makaɗi ya tashi, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, sannan ya rataya ganga ya fita fili ya kaɗa, don kasuwa duka ta san an ɗaure magana. Wurin zaman kuwa rumfar maƙera ce a kasuwar Gwandu, saboda duk mai shirin gayya dole ya biyo ta nan da garmuna da hauyoyi a gyara masa. Makaɗa Ɗanjuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wannan rumfa. Ranar kasuwar Kalgo ma yana can wajen manoman shinkafa. In an yi haihuwa yana gaba, in an yi mutuwa shi ne farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi. Atiku yana yaro yakan yi ta ƙunƙuni, a ganinsa zaman banza ne, a yini ana gaisawa ba a kaɗa ko sau ɗaya ba. Tsohon yakan ce masa ya yi shiru, aiki suke yi.

Da ya girma ya gane. Ya gaji zaman kamar yadda ya gaji gangar, ya kuma iya shi, don Atiku mutum ne mai fara'a da saurin riƙe suna. Ya san wanda sansa ya mutu, da wanda ɗansa ya ci jarrabawa, da wanda bai kamata a ambaci ƙaninsa a gabansa ba. Babur ɗinsa ya san hanyar Gwandu da Kalgo fiye da direbobin haya. Haka yake har wata safiya bayan girbi, da tsohon ya sunkuya zai yi alwala ya kife a kan buta.

An kai shi asibiti Birnin Kebbi, aka dawo da shi da rai, amma ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Maganarsa ta koma wani gurnani da ba mai gane shi sai Atiku, shi ma sai ya kai kunne. Ba ya iya juyawa, ba ya iya zama sai an tallafe shi, fitsari kuma ba ya ba shi lokaci, in ya zo ya zo ke nan.

Daga ranar ƙafar Atiku ta ɗaure. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa. Ƙaninsa Anas yana Legas, taimakonsa ba ya wuce kiran waya da addu'a mai tsawo. Ƙanwarsa Safiya tana aure a Wurogauri. A gidan sai matarsa Larai, mace mai haƙuri da ƙoƙari, ita ke dafa wa tsohon kunu, ita ke wanke zannuwan gadonsa ba ta taɓa ɓata fuska ba. Amma suruka ba ta yi wa suruki tsarki. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ga tsiraicinsa. Maƙwabta sun yi tayi, tsohon ya yi ta buga hannunsa mai rai a katifa har aka gane ba ya so. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin babbar riga a gaban taro, ba zai yarda wani ya ɗaga masa wando ba in ba ɗan cikinsa ba. Saboda haka Atiku ne wanka, shi ne juyi, shi ne kai shi bayan ɗaki. Masallacin unguwa ma da gudu yake zuwa, da an sallame ya juyo, addu'a sai a hanya.

Farkon kwanciyar mutane sun yi ta zuwa dubiya, daga Gwandu, daga Dalijan, har daga Kalgo. Tsohon ya hana a shigo da kowa. Bai so a ga yawu yana zuba daga bakin da ya saba wasa manya. Sai Atiku ya riƙa tarbarsu a zaure, ya ce yana barci. In sun ce ya jiki, ya ce da sauƙi. To me zai ce? Haka aka koya mana duka. Ko mutum yana shure-shuren mutuwa, in an tambayi nasa sai su ce da sauƙi, mai ido ne yake leƙawa ya gane gaskiya da kansa. Waɗannan kuwa ba a bar su sun leƙa ba. Suka koma gida da da sauƙinsu, suka gaya wa na gaba, ƙafa ta ɗauke.

Wani mai cajin waya a Maruda ne ya ba shi shawarar da ya ɗauka mafita ce. Ya ce yanzu duniya ta ci gaba, makaɗi ba ya bukatar ya sha rana a kasuwa. Suka jingina waya da tukunya a tsakar gida, Atiku ya kaɗa, aka ɗauka aka sa a intanet da lambarsa a ƙasa. Kai, abin ya karɓu! Mutane daga Legas da Kano har Saudiyya suka yi ta yabo, wani ya ce ya tuna masa da kakansa har ya yi hawaye. Atiku ya yi kwanaki yana duba waya yana murmushi shi kaɗai. Sai dai duk cikin masu yabon nan ba mai gona ko guda. Wanda ya kira shi ma wani ne daga Abuja, yana tambaya ko zai sayar masa da gangar ya rataye a falo.

Ya koma bin iyayen gidansa da gaisuwa ta waya. Su amsa da fara'a, su tambayi jikin Makaɗa, ya ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara sauƙi, a kashe. Bikin farko da aka yi a Dalijan ba da shi ba, bai ji labari ba sai bayan an watse. Na biyu ma haka. Wanda aka kira Garba ne, tsohon ɗan amshin ubansa, wanda kabu-kabu bai karɓe shi ba ya dawo ya ɗinka ganga. Garba ba mugu ba ne, kuma ba gwani ba ne. Hannunsa nauyi gare shi, in ya kaɗa kamar ana daka. Amma duk ranar kasuwa yana rumfar maƙera tun hantsi, kuma ba a yin jana'iza a yankin ba a ga hularsa ba.

Abin yana cin Atiku a rai. Yana son ubansa, ba ya ko tantama, amma akwai ranakun da in ya ji babura suna wucewa za su kasuwa, yana tsugune yana goge wa tsohon baya, sai ya ji kamar ya yi ihu. Wani lokaci har yakan ji haushin numfashin tsohon, sannan ya tsorata da kansa, ya yi ta istigfari. Gidan da aka haife shi ya zame masa ƙunci. Ya san kowace tsaga ta bangon ɗakin nan, ya san lokacin da rana take kaiwa ƙofar, kuma ba wanda zai faɗa wa ya gaji.

Ana tsakiyar bazara mahaifiyar Alhaji Bawa ta rasu. Labarin ya iso Maruda da hantsi. Atiku ya sa riga, ya ɗauki makullin babur, ya fito har zaure. Ranar kuwa tsohon ya kwana da gudawa, ko sa'a ba a yi ba tare da an canza masa shimfiɗa ba.

Larai ta biyo shi ta ce, "Tahi mana. Ka yi gaisuwa ka juyo, ba sai ka zamna ba."

"In yab ɓata jikinai hwa? Ke za ki shiga?"

Ta sunkuyar da kai. Daga ɗaki aka ji gurnanin tsohon. Atiku ya mayar da makullin aljihu, ya shiga. Da yamma ya kira Alhaji a waya ya yi masa ta'aziyya, da kalmomi masu kyau, don ya iya magana. Alhaji ya ce amin, amin, ya tambayi jikin Makaɗa. Atiku ya ce da sauƙi. Alhaji ya ce to madalla, ya kashe. Tsohon kuwa Atiku bai gaya masa an yi rasuwar ba, don ya san abin da zai biyo baya.

Sai da ruwa ya sauka, gero ya fara rufe ƙasa, Safiya ta zo daga Wurogauri ganin uba. Safiya ba ta iya magana a hankali ba tun tana yarinya. Tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake da Larai, ta shiga ba da labarin da ta jiyo a mota: wai tun zaman makokin Hajiya ba a raba Garba da Alhaji Bawa, shi ya yi ta shimfiɗa tabarmi yana zuba wa baƙi ruwa har aka tashi, kuma ana cewa goron gayyar bana nasa ne, ranar kasuwa mai zuwa za a ba shi. Atiku ya yi ta yi mata alama da hannu, ina, ta riga ta kai ƙarshe.

Da ya shiga ɗaki ya tarar da idon tsohon a buɗe yana kallon rufi. Can ya motsa baki, Atiku ya kai kunne.

"Kasuwa."

"Baba, ba ni iya barin ka yini guda, ka sani."

Tsohon ya nuna ƙirjinsa da hannun hagu. "Ni. Kai ni."

Atiku ya ɗauka zafin rai ne, zai wuce. Bai wuce ba. Aka kawo kunu tsohon ya datse baki. Aka kawo tuwo ya kau da kai. Mutumin da ya hana aminansa su leƙa ɗakinsa, shi ne yau yake cewa a kai shi tsakiyar kasuwar Gwandu a ajiye. Atiku ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya kira Anas ya yi masa magana ta waya, tsohon ya ture wayar ta faɗi. Da ya ga zai kashe kansa da yunwa, sai ya ce to.

Ranar kasuwa Larai ta fito da babbar rigar tsohon mai ruwan bula, wadda ta sha guga. Atiku ya yi masa wanka da aski, ya karya masa hula yadda yake so, ya kuma ƙi ba shi ruwa sai ɗan kurɓi, don ya san halin jikin. Maƙwabci ya taimaka aka ɗora shi a babur, aka ɗaure shi a bayan Atiku da zanen Larai kamar goyo. Tsohon ya ƙi a tashi sai da aka rataya wa Atiku ganga a gaba. Haka suka kama hanya a hankali, suna kauce wa ramukan da ruwa ya cika, Atiku yana jin haƙarƙarin ubansa a bayansa da yadda ya zama ba nauyi.

Da suka isa rumfar maƙera, guduma ta tsaya. Faruku maƙeri, abokin tsohon tun suna samari, ya saki awartaki ya taso yana salati. Garba yana zaune daidai wurin da Makaɗa ya saba zama, jikin ginshiƙi. Yana ganinsu ya yi zumbur ya miƙe, ya kakkaɓe tabarmar, ya kama aka sauko da tsohon. Atiku ya zauna dab da shi ta ɓangaren da ya mutu, ya tokare shi da kafaɗa don kada ya kife.

Nan da nan magana ta zaga. Manoma da mahauta da dillalan shanu suka yi ta zuwa suna tsugunawa. Wasu sun kasa ɓoye firgitarsu, wani dattijo ya juya baya yana share ido da hannun riga. Tsohon kuwa sai ka ce an zuba masa sabon jini. Yana miƙa hannun hagu, yana gurnani, Atiku yana faɗa wa mutane abin da ya ce: yana gaishe ka, yana tambayar ɗanka na Kalgo, ya ce har yanzu kana noman rago? A yi dariya. Atiku kansa ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ƙamshin gawayi da hayaniyar ciniki da kiran sunansa ta ko'ina, ashe duk ya yi kewarsu fiye da yadda ya sani. Kafin azahar har mutum biyu sun ce masa suna da biki bayan girbi, za su neme shi.

Faruku ne ya kira wata Bafillatana mai nono, ya sa ta dama fura mai sanyi a ƙwarya, ya riƙe wa abokinsa ludayi da hannunsa. Tsohon ya sha, ya ƙara, ya kuma ƙara. Atiku yana gani, amma wane ɗa ne zai janye ludayi daga bakin ubansa a gaban jama'a? Ya shiga addu'a a ransa Alhaji ya zo da wuri.

Alhaji Bawa bai zo ba sai da rana ta karkata. Ya shigo da ɗaurin hauyoyi a kafaɗar wani ɗan'uwansa, yana raha da mutane, har idonsa ya sauka kan tabarmar. Ya tsaya cik. Ya cire takalmi, ya tako ya tsuguna gaban tsohon, ya kama hannunsa da ya mutu ya juya shi.

"Subhanallahi. Makaɗa, haka kak koma?" Ya ɗago ya dubi Atiku. "Kai, wanga shi na da sauƙi?"

Atiku ya sunkuyar da kai. "To mi za ni cewa, Alhaji?"

"Ni na aza waya ta ɗauke muna kai. Anka ce kana can kana yi ma mutanen Legas kiɗi, kun hi ƙarhinmu. Ran da munka ruhe tsohuwa, wallahi ina ta duban hanya. Nic ce ko Makaɗa bai iya tasowa, ai ɗanai na zuwa. Sai ga kira cikin aljihu." Ya girgiza kai. "Na ji zahi, ba ni ɓoye maka. Ashe kai ma ɗaure kake."

Laifin dai ba na Atiku kaɗai ba ne. Daga Dalijan zuwa Maruda ba wata tafiya ce ba, Alhaji ma da ya sake takawa da ya gani. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya kasa haɗa ido da tsohon. Ya sa hannu aljihu ya fito da ƙunshin ganye, ya riƙe shi yana jujjuyawa, ya dubi Garba, don da shi aka yi za a yi.

Garba ne ya sauƙaƙa masa. Ya ce, "Alhaji, masu gida sun zo. Ni riƙo nika yi. Ba Atiku goron, in yana so in bi shi da amshi kamar da."

Aka yi ta Allah shi yi albarka. Alhaji ya koma kan benci ya zauna, ya miƙo goron. Mutane suka matsa gefe don a ba Atiku hanya ya taso.

A daidai lokacin Atiku ya ji ɗumi a cinyarsa. Bai ko duba ba, ya san ko mene ne. Ya kama gefen rigarsa ya yafa a kan ƙafafun tsohon, kamar mai kare shi daga tartsatsin wuta, ya danne da hannu. Ɗumin ya ci gaba da bin tabarma a ƙarƙashinsu. Ya saci kallon ubansa, ya ga ya sani. Idon tsohon ya kaɗa ya yi ja, amma ba ɗansa yake kallo ba, hannun Alhaji yake kallo.

"Karɓa," in ji tsohon, cikin gurnaninsa.

Atiku bai motsa ba. In ya tashi, rigarsa za ta tashi da shi, tsohon kuma zai zame ya kife cikin abin da ya yi. In ya karɓa dole ya rataya ganga ya kaɗa, ganga kuwa za ta kwaso rabin kasuwa zuwa bakin rumfar nan, da yaran da ba sa ganin abu su bar shi sai sun ɗaga waya. Kafin magariba Makaɗa Ɗanjuma jiƙe da fitsari yana cikin aljihun kowa daga Gwandu har Kalgo. Ko da ma an tsallake yau, ranar gayya fa? Tun safe har la'asar a gonar Dalijan, wa zai ɗaga tsohon a gida? Ga goro tsawon hannu da shi, abin da ya yi wata da watanni yana mafarki, kuma ya gane sarai ba shi da ranar da zai ba Alhaji.

"Karɓa!" Tsohon ya sake faɗa da ƙarfi, yana zungurinsa da hannun hagu.

"Mi yac ce?" in ji Alhaji.

Rumfa ta yi tsit, kowa ya zuba wa Atiku ido, don shi kaɗai ne bakin tsohon a duniya.

"Ya ce a ba Garba. Ya ce Garba ma ɗanai na, kuma shi yat tsaya muku ran da mu ba mu nan."

"Allahu akbar!" in ji wani. "Dattijo ke nan!" Aka ɗauki kabbara da yabo. Tsohon ya buɗe baki ya yi wata irin ƙara mai tsawo, hawaye suka zubo masa, jikinsa yana rawa. Mutane suka ce Allah sarki, tausayi ne ya kama shi. Garba ya fashe da kuka, ya durƙusa gaban Makaɗa ya yi godiya, sannan ya rarrafa ya karɓi goron da hannu biyu. Ya rataya gangarsa ya fita fili, ya sake mata hannun nan nasa mai nauyi. Jama'a suka bi shi, har da Alhaji.

Da Atiku ya ga duk an juya baya, ya naɗe ubansa cikin rigar, ya sungume shi da tabarmar gaba ɗaya. Faruku maƙeri kaɗai ya rage a rumfa. Ya dubi ƙasa, ya dubi Atiku. Ya kai ƙafa ya ture kaskon ruwan da yake tsoma ƙarfe, ruwan ya malale wurin duka, ya shiga zagin kaskon da ƙarfi don masu wucewa su ji. Sannan ya zo ya riƙe babur har aka ɗaure tsohon.

Ba su yi nisa da gari ba Atiku ya sauka daga titi, ya bi wata 'yar hanya zuwa wani famfon burtsatse da ke bayan gonar rake, inda ba kowa. Ya kwance ubansa, ya jingina shi da gindin mangwaro, ya ɗebo ruwa. Daga nan ana jin gangar Garba sama-sama. Mazagin wandon ya ƙi kwancewa sai da Atiku ya sa haƙori. Baƙin ciki ya cika shi, na gidan Alhaji da ya bayar da bakinsa, da na tsohon da ya zubar da girmansa ya hau babur don shi, ya kuma tashi a banza.

Tsohon ya kama wuyan rigarsa da hannun hagu, ya jawo shi kusa. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito, kuma ta fito sarai, fiye da duk wadda ya yi tun da ya kwanta.

"Ka yi ƙarya. Da bakina."

"Na yi, Baba."

Tsohon ya ci gaba da kallonsa, yana jiran sauran bayani. Atiku ya matse tsumma, ya goge masa hawayen da yawun da suka haɗu a haɓarsa.

"Saki rigar," ya ce. "Ɗaga hannu in tuɓe maka, kada sanyi shi kama ka."